Sandar da Ba Fenti

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Anti da yara.

Ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. An dakatar da Baban yara daga masana'anta. Ka san shi ke kan injin da ke narka roba yana fitar da bututun ruwa. To, bakin ƙarfen nan da ka ƙera musu, wanda robar ke bi ta cikinsa, ko wata biyu bai yi ba ya fara zagwanyewa. Bututu na fitowa da zane-zane, gefe guda ba kauri, har mota guda aka dawo musu da ita. Injiniya ya ce wai Baban yara ne ya cika wa injin zafi, roba ta ƙone ta cinye ƙarfen. Mutumin da ko shayi sai ya huce yake sha!

Manaja ya ce zai riƙe masa gurbinsa mako biyu, idan wanda ya san ƙarfe ya zo ya wanke shi. Wa na sani in ba kai ba?

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, raina bai yi daɗi ba. Ki ce wa mijinki Dogo ya yi haƙuri. Irin wannan roba muguwa ce, in ta ji wuta takan fitar da wani tururi mai cin ƙarfe. Abin na iya zama daga nan, yana iya zama daga can. Aiki ya yi mini yawa, amma zan duba.

Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. "Daga nan, daga can" ba amsa ba ce. Kwana tara ke nan. Kullum da safe sai Baban yara ya goge rigar aikinsa ya rataye a bayan ƙofa, ya zauna yana gyara rediyon da lafiyarta ƙalau. Ya hana ni sake rubuto maka, wai kada in takura wa babba. Ni kuwa na takura.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Sau huɗu ina fara wannan takarda ina yagawa. Ki karanta wa Dogo duka, kada ki tsallake komai.

Sandunan ƙarfen da muke saye kamarsu ɗaya a ido. Fentin da ke bakin kowace sanda shi ke faɗin irinta. A shagona kore shi ne mai jure tururin roba, rawaya kuwa ƙarfi ne da shi amma tsatsa na cin sa. Dokar ɗaya ce: ba a yanka daga gefen fenti, don kada ragowar ta rasa shaida. Shekara talatin ina yi wa mutane tsawa a kan wannan. Bara, cikin gaggawa, ni da hannuna na yanke fentin wata sanda, na jingine ragowar na ce ai zan tuna.

Da aikin su Dogo ya zo, ita na ɗauko. Na juya ta, na ƙwanƙwasa, na ce kore ce. Gwaji ba zai ci rabin yini ba, girman kai ya hana ni. Ranar da takardarki ta farko ta iso na tono guntun nan mai fenti da na yanke a kwandon tarkace. Rawaya ne, Auta. Na sani tun kafin in amsa miki. Na ji tsoron a ce Mai Ƙarfe ya tsufa, na bar mijinki da laifina. Wallahi kunya ta hana ni cin abinci.

Yau na aika wa manaja bayani da guntun a ciki, na ce zan sake ƙera musu wani. Ku yafe mini, in zai yiwu.

Yayanki mai laifi

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta masa, ban tsallake ba. Manaja ya kira shi, ya ba shi haƙuri a gaban injiniya. Amma wa'adin ya cika tun ranar Talata, sun riga sun ɗora wani a kan injin. Takardarka ta iso Alhamis.

Baban yara ya ce in gaya maka ya yafe, kuma ka ci abinci. Ni ka ɗan ba ni lokaci.

Auta