Makullin da Ke Wuyan Yaya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata kina lafiya, ke da sauran sistocin gidanku. Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake, kuma a kanki zan sauke, tunda ku kuka fi mu kusa da manya.

Wai Paparoma ya yi murabus. A rediyo na ji ina cikin goge fitilar bagaden coci, saura ƙiris gilashin ya suɓuce mini. Wai ƙarfinsa ya ƙare. To wa ke da ƙarfin? Uba ne fa, Auta. Kin taɓa jin uba ya tara 'ya'yansa ya ce daga wata mai kamawa su nemi wani? Ubangiji bai sauko daga gicciye ba, alhali ana ta yi masa ba'a ya sauko.

Shekara talatin da huɗu ke nan ina katikis, mai koyar da addini, a cocin nan. Fada, limaminmu, sau ɗaya yake leƙo mu a wata. Sauran Lahadin ni ne karatu, ni ne raba tsarkakakkiyar gurasa, Jikin Kristi, ranar Alhamis ni ne kai wa marasa lafiya. Makullin akwatin bagade, inda ake ajiye Jikin, yana wuyana ko wanka zan shiga. Ban taɓa cewa na gaji ba. Hoton Paparoman da ke ɗakin sa kaya na sauke shi, na tura bayan kabad. Kada ki yi mini wa'azi.

Ki gai da uwar gidanku. Ni ne yayanki.

*

Yayana abin ƙaunata,

Na gaishe ka da kyau, tare da Anti da yara. Wasiƙarka ta iso da zafinta, har sai da na ajiye ta ta huce.

Mu ma nan gidan ya rabu biyu. Sistar da ke dafa mana abinci kwana biyu tana kuka, ta ce an mai da mu marayu uba na raye. Ni kuwa, Yaya, tausayinsa na ji, kuma ya ƙara girma a idona. Dokar ikilisiya ta yarda da hakan, ba shi ya ƙirƙiro ba. Kujerar ba tasa ba ce, riƙo aka ba shi. In ya ga hannunsa ya fara saki, wanne ya fi: ya faɗa, ko ya yi shiru abin ya faɗi? Ka ce kada in yi wa'azi, to na tsaya nan.

Amma akwai abin da ya hana ni sukuni. Rubutunka ne muke gasar kwaikwaya muna yara. A wannan wasiƙar layi yana hawa kan layi, kalmar ƙarshe ma rabinta babu, ina jin a kan tebur ta ƙare. Yaya ciwon sugan? Yaushe rabonka da likitan ido? Ka ba ni amsa, kada ka zagaye ni yadda ka saba.

Taka ƙanwa, Auta.

*

Sista,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutuna, a tsaye nake yi kafin maigidan ya dawo daga coci. Bai san na rubuto ba.

Ni na karanta masa wasiƙarki. Shekara biyu ke nan ni nake karanta masa komai. Ranar Asabar zan yi ta maimaita masa karatun Lahadi har ya haddace, gobe ya buɗe littafi a gaban jama'a kamar yana gani. Wannan na iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina shi ne na Alhamis ɗin da ta wuce.

Mun kai wa tsohuwar ungozoma Jikin Kristi, wadda ta karɓi haihuwar yaranmu duka, yanzu ba ta tashi. Ni ke riƙe kyandir. Ya ciro, ya ɗaga, sai ya zame daga yatsunsa ya faɗi kan tabarma. Sista, bai sani ba. Sugan ya kashe masa kan yatsu. Ya miƙa hannu ba komai, ya ce, "Jikin Kristi." Tsohuwar ta dube ni, ta dube shi, ta ce "Amin," ta rufe baki. Yana matsawa baya, takalminsa ya sauka dab da shi. Na durƙusa na ɗauka, na sa mata a baki yana can yana naɗe ƙyalle.

Tun ranar abinci ba ya shiga mini. In na faɗa masa na karya shi, in na yi shiru Alhamis tana nan tafe. A hanya ma bai daina faɗan Paparoma ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Matar yayanki.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙa biyu na aiko ba amsa, ga ta uku. Na san Anti ce za ta karanta maka wannan, don haka ku biyun nake yi wa magana.

Anti, in kin kai ƙarshen layin nan ki ajiye takardar, ki faɗa masa abin da ya faru a ɗakin ungozoma. Ba daga bakina ya kamata ya ji ba.

Yaya, in ta gama, ka yi fushi da ni yadda kake so. Na dai san mutumin da ya koya mini durƙusawa a gaban akwatin nan ina 'yar shekara shida. Tsoro nake ji, ba raini ba ne. Ina jiran ko da layi ɗaya.

Auta.

*

Auta,

Na gaishe ki. Ni ke faɗa, uwar yara ke rubutawa, yau ba ɓoye-ɓoye.

Kwana uku ban yi mata magana ba. A na huɗu na sa ta kai ni wurin ungozoma don in ji an ce ƙarya ne. Tsohuwar ta kama hannuna ta ce, "Malam, wannan ne karo na biyu. Na farkon ni na lalubo shi a cikin zanena."

Jiya Fada ya zo. Na furta masa komai, na cire makullin na ba shi. Malamin makarantar da ke taya ni karatu shi zai riƙe. Hoton kuma na sa an mayar, sun ce ya ɗan karkace, ni dai ban gani ba.

Zaren makullin yana wuyana har yanzu. Yau da safe na tashi na sa takalmi, na kai bakin ƙofa, sannan na tuna. Ku da kuke jin labarin manya, ki tambaya mini: shi Paparoman, in gari ya waye, me yake yi?

Ki sa ni a addu'a. Yayanki.