Naman da Na Mayar wa Yaya Hindatu

Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Ni ne Mika'ilu Jaji, mai gyaran rediyo a unguwar Takur, cikin garin Dutse. Yau Talata, tara ga Nuwamba, 2004, maƙwabtanmu suna goman ƙarshe na azumi. Ina rubuta wannan takarda da hannuna, hankalina ɗaya, ba wanda ya sa ni. Jikin ne dai ya gaza. Likita ya ce hanta ce, cikina ya kumbura har ba na iya sunkuyawa kan teburin aiki. Shekarata talatin da shida, ban yi zaton rubuta wasiyya yanzu ba, amma na san ƙarar injin da ya kusa tsayawa.

Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Ummi mai shekara takwas, Irmiya mai shida, da Ni'ima da ba ta daɗe da barin nono ba. Mahaifiyarku Rifkatu za ta karanta muku yanzu, in kun girma ku sake karantawa da kanku. Ku yi haƙuri da rubutun, a aji uku na bar firamare.

Na ɗaya. Akwatin kayan aikina, da mita, da ƙarfen liƙi, da teburin, na Irmiya ne. A ajiye masa har ya kai. In bai so sana'ar ba kada a tilasta masa. Akwai rediyo biyar na mutane a ƙarƙashin tebur, na manna sunan kowa a bayan nasa, a mayar musu. Biyu ban gama ba, a ba su haƙuri. Keken ɗinki na mahaifiyarku ne tun asali, kada wani ya sa shi cikin rabo. Kekena na hawa a bar wa Ni'ima, a sayar a sa ta makaranta.

Na biyu. Littafi Mai Tsarki nawa, mai baƙin bango da na ɗaure da roba, na Ummi ne. Amma ba zan ba ki shi ba, Ummi, sai na gaya miki abin da na yi da shi, don kada ki ɗauka ubanki ya iya riƙe shi.

Sunanki na yanka Hindatu. Sunan yayata ne, gwaggonku. Muna ce miki Ummi don ba na iya kiran sunan da bakina, ita ce ta zame mini uwa. Ina da shekara huɗu mahaifiyarmu ta rasu a ƙauyenmu na ƙasar Miga, Yaya tana da goma sha uku. Ita ta goya ni, ita ta cire mini ƙaya, ita take ɓoye mini ƙanzo. Da ta yi aure a Yalwawa, a gidanta na sauka lokacin da na shigo Dutse neman aikin lebura, shekarar da aka ba mu jiha, gini ko'ina. A wurin ginin nan na haɗu da Baba Iliya mai bishara, wanda yake koyar da karatu kowace Laraba da la'asar a ƙarƙashin rumfar majami'a. Karatun na je nema. Shekara biyu ina bin layi da yatsa, ina tambaya, yana amsawa, wani lokaci ya ce bai sani ba. A ƙarshe na gaskata, aka yi mini baftisma. Ban yi nadamar wannan ba, a kansa nake mutuwa.

Ranar da na gaya wa Yaya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kwana arba'in ba ta yi mini magana ba. Dangi da yawa sun yanke ni, kuma ban riƙe su ba, a ganinsu wuta na faɗa. Ita kuwa, da Babbar Sallah ta zagayo, sai ga aike: cinyar rago a cikin langa, da saƙon cewa a gaya wa mai coci ya ci ya yi ƙiba, ya rame kamar sandar makiyayi. Tun daga nan ba ta fasa ba. Ni ma kowace Kirsimeti nakan kai akuyata wurin maƙwabcinmu Malam Zailani ya yanka, don ta iya ci, Rifkatu ta dafa shinkafa a kai Yalwawa. Yaya takan aiko cewa shinkafar ta yi, sai dai ku masu coci kun cika mai. Ba ta taɓa roƙona in dawo a gaban mutane ba, amma na san tana roƙa mini a sallarta, kamar yadda ni ma nake sa ta a addu'a. Shekara bakwai muna haka.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Ku ba za ku tuna ba. A unguwarmu ba wanda ya taɓa mu, wannan gaskiya ce, ku riƙe ta. Amma labarin abin da ya faru a wasu garuruwa yana zuwa, tsoro ya shiga kowane gida. Wasu masu kawo mini gyara suka daina. Ni kuma aikina ya sa ba abin da ba na ji, don duk wanda ya kawo rikoda da kaset ɗinsa a ciki yake kawowa, da shi nake gwaji. Na ji wa'azin wannan ɓangare, na ji na wancan. Abin da na lura, masu zafin cikinsu muryarsu iri ɗaya ce, in ka rage ƙara ba za ka gane na wane addini ne ba. Na lura da haka sarai, amma bai hana ni faɗawa ba.

Wani ya kawo rikoda, bai dawo da wuri ba. Kaset ɗin ciki na wani mai wa'azi ne daga nesa, ban san shi ba. Yana karanto wasiƙar manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta takwas, inda ake maganar naman da aka yanka wa gumaka. Ya ce naman layya ke nan, duk Kiristan da ya ci ya ci amanar Ubangiji. Na buɗe Littafina, na nemo ayar da ya ambata, na ga kalmar a rubuce. Gumaka. Na ja mata layi da biro. Raina ya yi fari, wai na gano abin da Baba Iliya bai gano ba. Ban tambaye shi ba, don na san zai rage mini zafi, ni kuma a lokacin zafin nake so.

Babbar Sallah ta zo. Wannan shekarar Yaya ba ta yi aike ba, da ƙafarta ta zo, tun daga Yalwawa, da hantsi, langa a ka. Daga baya na ji cewa matan layinsu sun yi ta yi mata magana, wai yanzu ba lokacin kai wa irinmu nama ba ne, shi ya sa ta ɗauko da kanta don kowa ya gani. Na tare ta a bakin ƙofa, ko sannu da rana ban ce ba. Na ce ta koma da shi, gidan nan ba a cin naman gunki.

Ta sauke langar a hankali, ta dube ni. Abin da ta ce bai fi wannan ba: Mika'ilu, ni da na goya ka, ka taɓa ganin gunki a ɗakina? Sai ta gaishe da Rifkatu, ta shafa kanki, Ummi, ta ce takwara an girma. Ta ɗora langar a ka ta juya. Ban taya ta ɗorawa ba.

Ku fahimci laifina da kyau, kada ku rage shi, kada kuma ku sa shi inda ba nan yake ba. Cin naman layya ko barinsa, har yau masu bi sun rabu a kai. Baba Iliya yana ci, akwai dattawan kirki da ba sa ci, ni ban kai in yanke muku ba. Da na ce mata lamirina ne bai ba ni ba, da ta ji zafi, amma da ta gane, don ita ma akwai abin da ba ta ci a gidana. Abin da na yi shi ne ƙarya. Matar da tun tana yarinya take ƙyamar tsafi, wadda take yanka da sunan Allah don tunawa da Ibrahim da ragon da aka ba shi, labarin da shi ne na fara karantawa da kaina a Littafin nan, ita na kira mai bautar gunki. Babu zagin da ya fi wannan a kunnen Musulmi, kuma na sani, a cikinsu na tashi. Shaidar zur na yi wa yayata, na kuma rataya wa Maganar Allah.

Wata biyu bayan haka na ba Baba Iliya labari, ina jiran yabo. Ya ce in buɗe surar in fara daga aya ta ɗaya. Mai wa'azin daga ta huɗu ya fara, ni ma daga nan na fara. Na karanta. A can sama, kafin a kai inda na ja layi, manzo yana gargaɗi ne cewa sani yana kumbura mutum, ƙauna ce take gina shi. Baba Iliya ya ce, kai da kake gyaran kaset, ba ka san a mayar da shi farko ba? 'Yan aji suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Saboda haka, Ummi, ga sharaɗin Littafin. Duk ayar da wani ya miƙo miki, a kaset ne, a rediyo ne, a bidiyo ne, ko a wayar hannun nan da ta fara shigowa, ki koma farkon surar, ki karanta har ƙarshe. Ki tambaya wa aka rubuta wa, me ya same su. In kika ga kalma, ki duba ko mutumin da ke gabanki shi ne kalmar take nufi. In karatu ya sa kika ji kin fi wani, ki rufe, ki je wurin wanda ya girme ki. Layin biron yana nan a shafin, kada ki goge, ki nuna wa ƙannenki.

Na uku, kuma shi ne dalilin takardar nan. Ban nemi gafarar Yaya ba. Mutane suna yabona da haƙuri, wai ina iya wuni kan waya ɗaya siririya ban yi tsaki ba. Haƙurin nan ne ya cuce ni. Na ce bari zuciyarta ta huce. Na ce bari gari ya lafa. Sau ɗaya na je Yalwawa, na tsaya a kan kwana, na hango mijinta Malam Uwaisu a ƙofar gida yana alwala, kunya ta juyo da keken. Da na sake komawa bayan shekara, aka ce an mayar da shi aiki Miga, sun tashi. Na ce bayan damina zan je. Damina biyu ta wuce. Ni'ima, an haife ki, an yi suna, gwaggonki ba ta san fuskarki ba. Na durƙusa gaban Ubangiji kan wannan ba sau ɗaya ba, na kuma gaskata jinin Yesu ya isa. Amma shi ne ya koya mana cewa mai shirin miƙa baiko, wato hadaya ga Allah, in ya tuna ɗan'uwansa yana da magana da shi, ya fara zuwa ya shirya. Shekara uku da wata takwas ina wuce wannan wurin da yatsana.

To ga abin da nake so. Akuyar nan ja, a bar ta har Kirsimeti. Ko ina nan ko ba na nan, Malam Zailani ya yanka. Rifkatu, ki dafa, ki rage mai. Ki ɗauki yaran duka uku ku shiga motar Miga, kada ki yi aike. Ummi ce za ta yi magana, don sunanta take ɗauke da shi. Ummi, ki durƙusa ki ce: Gwaggo, Baba ya ce shi ya yi ƙarya, bai taɓa ganin gunki a ɗakinki ba. Kada ki ƙara komai, kada ki ce tsoro ne ya sa shi, kada ki ce kaset ne. Ba kaset ne ya tsaya a ƙofar ba.

Na huɗu. In rai ya yi halinsa, a fara aika wa Yaya kafin a buga ƙararrawar coci. A binne ni yadda masu bi suke yi, Baba Iliya ya karanta abin da ya ga dama. In ta zo ta tsaya daga waje, a kai mata tabarma da ruwa, kada wani ya ja ta ciki, kada wani ya yi mata wa'azi a kan gawata. In ba ta zo ba, kada in ji an zarge ta.

Na biyar. In Yaya ta nemi yaran su je mata hutu, Rifkatu, ki bar su. Na san abin da za ki ji tsoro, 'yan majami'a ma za su yi magana. Shekara bakwai ina cin abincin matar nan bayan na bar addininta, ba ta taɓa sa mini sharaɗi a cikin kwano ba. Ku yara, ku riƙe bangaskiyarku a gidanta ba tare da kun ɗaga murya ba. In tana salla kada ku gitta ta gabanta. 'Ya'yanta 'yan'uwanku ne, ku san sunayensu.

Shaidun wannan takarda su ne Baba Iliya da Malam Zailani, duka biyu sun ji an karanta, za su sa hannu a ƙasa.

Rifkatu, kin gaya mini tun ranar nan cewa in bi Yaya da gudu, na ce ki yi shiru. Ki yafe mini wannan da sauran. Ummi, Irmiya, Ni'ima, Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku, ya ba ku karatun da ya fi nawa da zuciyar da ta fi tawa laushi. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada a ji kanku. Ban san ko gwaggonku za ta karɓi kwanon ba, kuma in ta mayar da shi tana da gaskiya. Ku ɗauko abinku, ku yi mata sallama da ladabi, ku dawo gida. Baɗi da Kirsimeti ku sake komawa.

Amin.

Mahaifinku,
Mika'ilu Jaji