Malam Garba, Ka Daina Ɗanɗana Musu Ƙwaya

Zuwa ga yayana kuma abokin aikina, Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gaida maiɗakinka Tabawa da yara, da kuma mutanenmu na ɗakin bayan asibiti, waɗanda ba kowa ke tunawa ya gaishe su ba. Ni nan Kudu lafiya, sai ruwan da ba ya ɗaukewa, da wahalar komawa aji da furfura a kai.

Wannan ce takarda ta huɗu. Uku na aiko maka ta gidan waya, ko ɗaya ba ka amsa ba, shi ya sa na miƙa wannan ga jarida. Na san daga Gumel har Maigatari ba wanda zai tambayi wane Garba ake nufi, tunda mu biyu ne kaɗai malaman asibiti masu kula da masu taɓin hankali a ƙasar tamu. Za ka ji haushi. Ka ji, zan iya ɗauka.

Makon jiya Alhaji Ɗanjuma, falken shanun nan na Maigatari, ya sauke a kara, kasuwar shanun garin nan, ya neme ni har makaranta da saƙon Tabawa. Ya ce ya zauna kusa da kai ran Juma'a, carbi na rawa a hannunka. Ya ce ka faɗi da keke a hanyar Ɗanzomo da rana tsaka, barci ya kwashe ka kana tuƙi. Maganarka ta yi nauyi. A wani suna ma an zubo maka tuwo a kwano daban, wai aljanun marasa lafiya sun koma kanka.

Ni na san ba aljanu ba ne. Kai ma ka sani.

Ka tuna shekarar fari, da aka kawo mana Baffa Ori a amalanke daga wajen Sule Tankarkar, ɗaure da igiyar shanunsa? Garkensa ya ƙare ƙaf, ya rantse sammu aka yi masa, kwana uku ko ruwa ba ya karɓa a hannun kowa. Na miƙa masa farar ƙwayar nan mai kwantar da hankali, ya dube ni ya ce, "Duk mai maganin da na sani shi yake fara sha. In ba guba ba ce, fara." 'Ya'yansa na tsaye suna kallona. Na ɓalla rabi na haɗiye, ya karɓi sauran. Bayan wata guda ya koma gida da ƙafarsa.

Ni na fara, ban manta ba. Kai har faɗa ka yi mini ranar. Amma labari ya bi rugage cewa malaman nan suna sha kafin su bayar, duk wanda aka kawo sai ya ce a fara. Muka raba, kai na safe, ni na yamma. Da na taho, aka bar ka da duka. Malam, rabi nawa kake haɗiyewa yanzu a yini?

Ba zan jibga maka laifin kai kaɗai ba. Shekara tara muna rubutu a ƙaro mana hannu, amsar ɗaya ce, ana dubawa. Ranar da zan taho aka ce wanda zai maye gurbina yana hanya. Wata bakwai ke nan, hanyar ba ta ƙare ba. Sai dai in zan yi adalci, na ga yadda sababbin ma'aikata ke gudun ɗakinmu, kuma ba a ɗauro ma'aikaci da igiya. Sannan ba wani na ofis da ya ce ka haɗiye komai. Kai ne ka ƙi hutu shekara shida. Kai aka fara ba wannan kwas ɗin, ka turo ni, kana cewa, "In na tafi, wa zai buɗe musu ƙofa?"

Nan an kai mu ɗakin waɗanda suka daɗe suna shan irin ƙwayar. Baki na tauna ba komai a ciki, harshe na fitowa da kansa. Malaminmu ya ce wasu ko an tsayar da maganin abin ba ya barinsu. Ina tsaye da littafi a hannu, gumi na bin bayana.

Suna kuma da wani zama duk Laraba, ma'aikata kaɗai, kowa ya faɗi abin da ke ci masa rai a aiki. Da farko na ɗauke shi zaman banza. A na biyar na faɗi zancen ƙwaya. Wata tsohuwar sista ta tambaye ni, cikin waɗanda suka warke a hannunmu ba mai rai ne? Kunya ta kama ni. Baffa Ori na nan, duk Alhamis yana kasuwar Maigatari da awakinsa. Ka kira shi ya zauna kusa da sabon zuwa, ya gaya masa da Fulatanci abin da ƙwayar ta yi masa. In dole sai ka ɗanɗana wani abu, ka kurɓi ruwan da za a kora da shi.

Ga abin da nake roƙo. Ka rubuta takardar hutu. Ka je Kano likita ya duba ka, ka gaya masa gaskiyar yawan abin da kake sha, kada ka yi wa kanka magani. Baɗi kuma ka nemi kwas ɗin nan, ni in riƙe ƙofa.

Saura mako shida jarrabawarmu. Shekara goma sha ɗaya na jira wannan dama, ka fi kowa sani. Amma in watan Rajab ya kama ban ga amsa da rubutun hannunka ba, zan naɗe tabarmata in hau jirgin ƙasa, in sauka tashar Gagarawa, in zo in karɓi makullai. Kwas ya tafi ke nan. Ba zan yi saurin yafe maka ba, amma zan zo.

In mun haɗu, zan sa ka miƙe hannu biyu in ɗora takarda a kai, yadda muke gwada su. Ni ma zan miƙa nawa, Yaya. Wata bakwai rabona da ƙwayar. Jarida za ta miƙar da rubutun nan ya fito sumul, amma da ka buɗe takardu ukun can, da ka ga yadda layukan ke rawa.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya ba mutanenmu na ɗakin baya, Ya saka wa Tabawa da ta yi magana. Allah Ya yafe mini rabin ƙwayar farko.

Ƙaninka,
Isiyaku