Masara Mai Ɗigon Ja

Kafanchan, Laraba, Oktoba 1976

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni na shuka masarar nan mai ɗigon ja a gefen gonarmu. Daga lambun makaranta na ɗebo irin, don kawai ta yi mini kyau.

Yau Baba ya ɓare ɗaya, ya ga kamar an yayyafa mata jini. Ya ce ƙanensa Bitrus ne ya yi masa sammu saboda rigimar iyaka. Ya iske shi a gona ya sare shi da fartanya a kafaɗa, har na ji ƙarar ƙashi. Baba Ƙarami yana ƙasa yana ihu, "Yaya, masara ce fa! Masara!" Ni ko na sulale gida.

Da yamma malaminmu na kimiyya, da ya ji labari, ya ba ni wasiƙa in kai wa Baba. Na buɗe a hanya. Wai cikin ƙwayar akwai wani guntun abin da iri ke gada daga iyayensa, mai tsalle: inda ya sauka ya kulle launi, inda ya tashi launin ya dawo. Ashe ya gan ni ina ɗibar irin, ya rubuta sunana.

Na cusa ta cikin littafina na soyayya, na kasa karanta ko layi ɗaya na littafin. Baba ya rantse gobe zai ƙone rumbun ƙanen nasa. In ya karanta wasiƙar, jikina zai gaya mini. Ubangiji, ka riƙe mini hannu. Da sassafe zan miƙa masa, kafin ya nemi ashana.