Tandar Iya da Takalmin Malam

Litinin, 4 ga Afrilu, 1977

Yau Malam ya ƙona mini tanda. Na rubuta don kada gobe a ce ba a yi ba.

Na leƙa gidan Kulu maƙwabciyata aron rariya, ina dawowa na tarar tsakar gida ta turnuƙe da baƙin hayaƙi, kaji sun gudu bayan rumbu. Shi kuwa maigidan nawa, babban malamin wasanni na makarantar horon malamai yana tsugune gaban murhuna, ya narka tsofaffin takalman roba a gwangwani yana tsiyayawa cikin tandar ƙasa, wadda nake suyar wainar sayarwa a ciki kullum safiya. Kafin in buɗe baki ta ce ɗas, ta rabe biyu.

Na ce, "Malam, lafiya kuwa?" Wai gwaji yake yi. Ya zaro wata mujallar Turawa daga aljihu yana nuna mini hoto. Wai a Amurka wani mai koyar da gudu kamarsa ya zuba roba a abin suyar wainar matarsa, ƙasan takalmi ya fito da 'yan ƙuraje masu kama ƙasa, yanzu kamfani ne guda, Nike, mai alama irin makin da yake yi wa ɗalibai da jar biro.

Na ce to ita matar me ta ce? Ya duba, ya juya shafi, ya ce ba a rubuta ba.

Ba za a rubuta ba mana. Ni zan rubuta nawa.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Gidan nan har yau warin roba yake. Ko zanen da na shanya ya ɗauka.

Talata, 12 ga Afrilu

Dole ta sa na fito da tandar Iya, Allah Ya jiƙanta. Da ba na ɗora ta sai ranar Juma'a da ranakun salla. Ta ƙarfe ce, nauyi kamar dutsen niƙa, gurabunta ƙanana ƙanana, shi ya sa wainar Iya ta fita daban a duk unguwarmu. Tun kafin a haife ni take shan man gyaɗa, ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, ƙullu ba ya taɓa kama ta.

Ina cikin suya na ji mutum a kaina. Ba wainar yake kallo ba, gurabun yake kallo. Na ce, "Malam, ka ɗauke idonka." Ya yi dariya wai shi bai ce komai ba. Ai idon ya faɗa.

Asabar, 16 ga Afrilu

Yanzu ba a cin tuwo a gidan nan sai da tarihin takalmi. Yau na Jamus aka ba ni. Wai wasu wa da ƙane ne suka fara ɗinka takalmin gudu a ɗakin wankin uwarsu, abu ya bunƙasa, daga baya suka ɓata, kowa ya kama gabansa. Ɗaya ya kafa Adidas mai zane uku, ɗaya ya kafa Puma mai hoton dabba tana tsalle. Wai garinsu ma kogi ya raba shi biyu, kowa da ɓangarensa, sai an kalli ƙafarka kafin a gaishe ka.

Bai gama ba sai ga na Japan. Wai shi a cikin kwanon abinci ya ga hannun wata dabbar teku ya manne, daga nan ya samo dabarar ƙasan takalminsa.

Na ce, "Au, ashe duk takalmin duniya daga madafar wata aka kwaso shi? Wannan ɗakin wankin uwarsa, wannan abin suyar matarsa, wannan kwanon abinci. Ita uwar a ina ta koma yin wankin?" Sai ya ce wai ni ban da hangen nesa. Ni Lami! Ni da nake hango abin da za a ci gobe tun yau.

Juma'a, 22 ga Afrilu

Kulu ta ce mijinta ya ce wainar jiya tana ɗanɗanon taya. Ƙarya yake yi, amma maganar ta fita, yau ƙullu ya yi kwantai. Na zauna na yi ta cin waina ni kaɗai ina haɗiye takaici.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kowa a Daurar nan ya san me ya yi da kuɗin Udoji, ariyas ɗin da gwamnati ta ba ma'aikata. Wannan babur, wannan rediyo mai kaset, wannan ya yi wa ɗaki kwano. Mu kuwa namu ya tafi a gam da kambas da tarin matattun takalma da ake kawo mana daga bola har Sandamu. Zaurenmu ya zama juji, baƙo ya yi sallama sai ya tsallake.

Lahadi, 1 ga Mayu

Maharazu ya zo. Ƙanena, ciki ɗaya, wanda na riƙe bayan rasuwar Iya, yanzu ɗalibin Malam ne kuma shi ne gwaninsu a gudun dogon zango. Ya shigo yana ɗingishi, tsidau ya cika masa tafin ƙafa. Na zaunar da shi ina cire masa da allura ina zagin filin makarantarsu.

Ashe aiko shi aka yi, ko ya aiko kansa. Wai ranar sha huɗu ga wata za a yi tseren zaɓe a Katsina, waɗanda suka ci su ne za su wasannin ƙasa a Kaduna. Wai 'yan birni dukansu da Adidas suke zuwa, na kanti kuma ba ya zama a ƙafarsa don faɗinta, ya gwada na aro ya fito da bororo. Na ce Allah Ya ba da sa'a. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ai tandar nan Iya mu biyu ta bar wa."

Wallahi saura kaɗan in luma masa allurar. Na ce, "Maharazu, gado ka zo rabo? To a kira malamai a sa gatari, ka ɗauki kashi biyu in ɗauki ɗaya." Yaron da bai san yadda Iya take tashi tun kafin assalatu tana hura wuta a ƙarƙashin tandar nan don ya je makaranta ba! Ya tashi ya tafi bai ci abincin da na zuba masa ba. Oho dai.

Alhamis, 5 ga Mayu

Na ce wa Malam ya je wurin Kalilu maƙeri ya zuba masa tasa tandar, ya rabu da ni. Ashe ya riga ya je. Yau aka kawo ta, fara fat, gurabu ƙanana kamar na Iya. Ya zuba roba, ta huce, ya zo ɓamɓarowa ta ce ba inda za ta. Ya shafa mai ya sake, ta kuma kamawa. Da wuƙa ya dinga sassaƙo ta, ƙurajen suna fitowa a yayyage.

Ya zauna ya yi tagumi, ya ce, "Sabuwa ce, ba ta sha mai ba." Na san inda maganar ta nufa. Kuma shi ma ya sani, tandar da roba ta shiga ta bar abinci ke nan har abada.

Litinin, 9 ga Mayu

Suna a Sandamu, gidan Goggo Adama. Muna cikin mota, mun wuce gari, sai na tuna. Na bar tandar a kan murhu! Kullum ina idar da suya nake kulle ta a ɗaki, yau saurin kada mota ta tashi ya sa na manta. Wunin nan ban san me aka ci ba, ban san sunan da aka raɗa wa jaririyar ba. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa masa, har da inda zan kwana idan na yi yaji.

Na shigo na same ta inda na bar ta. An rufe ta da faifai saboda kaji.

Kulu ta ce ta hango shi ta katanga da azahar. Wai ya ɗauke ta, ya daɗe yana shafa gurabun da babban yatsa, gwangwanin robar yana kan wuta yana tafasa. Can ya mayar da ita, ya sauke gwangwanin, ya fita.

To sai me? Yabo yake so don bai yi sata ba? Duk zagin da na tanado tun daga Sandamu ya tsaya mini a maƙogwaro, ban san inda zan zubar da shi ba.

Asabar, 14 ga Mayu

Sun tafi Katsina. Da ƙasan takalmin da aka sassaƙo daga tandar Kalilu, baduku ya ɗinka masa kambas a kai. Ban yi musu rakiya ba. Na dai sa waina a kwano na ajiye a zaure, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Lahadi, 15 ga Mayu

Sun dawo. Daga yadda Malam ya jingine keke na gane.

Wai Maharazu ne a gaba har aka ci rabin tsere. Sai ƙasan takalmin hagu ya tsage daga inda wuƙa ta ci shi, ya dinga faɗa-faɗa yana harɗe shi. Ya tsaya ya cire, ya ƙarasa ba takalmi a kan tsakuwa, ya zo na huɗu. Uku ake ɗauka. Wai 'yan kallo suka tsinci ƙasan takalmin suna jifa da shi suna ihu, "A ba mu wainar Daura da miya!"

Ina wanke wa yaron ƙafa da ruwan gishiri, jini duk ya bushe a tsakanin yatsu, sai ya fara, "Da a tandar Iya aka..." Malam ya daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya ce, "Rufe mini baki. Tanda tana da mai ita. Laifina ne da na sa maka abin da bai nuna ba."

Ni dai ban aiki kowa ba. Ban ce a yi ba. Wa ya ce su yi wa ƙanena ihu? Su waye su? Iyayensu suka ƙera Adidas ɗin da ke ƙafarsu?

Asabar, 21 ga Mayu

Ya kwashe jujin zaure kaf, ya share, ya yayyafa ruwa. Mujallar ma na gan ta a bakin murhu cikin takardun hura wuta. Kulu ta ce in gode wa Allah mijina ya warke. Ciniki ya dawo, ƙullu ba ya kai hantsi.

Alhamdu lillahi. Abin da nake so ke nan.

Juma'a, 27 ga Mayu

Mutumin nan ya zama kurma. Ya ci tuwo ya wanke hannu ya ce an gode. An gode! Kamar baƙo. Jiya har na tsokane shi, na ce wai su wa da ƙanen nan na Jamus sun shirya kuwa? Ya ce bai sani ba, ya tashi.

Na ga mijin Kulu da sabon Puma yana tafiya kasuwar shanu da shi, mutumin da ko kaza bai taɓa kora ba. Kowa sai saye, sai saye, jirgi ya kawo mu sa a ƙafa. Mutum ɗaya a garin nan ya ce bari ya gwada yin nasa, aka mayar da shi mahaukaci. Ni ma na taya, na sani, amma ni tandata aka fasa, su fa me aka fasa musu?

Mujallar ban hura wuta da ita ba. Takardar tana da santsi, ba ta kama wuta da kyau, shi ke nan dalili.

Juma'a, 3 ga Yuni

An yi ruwan farko jiya. Yau na dama ƙullu mai yawa na soya a tandar Iya, ban sayar da ko ɗaya ba. Na aika masallaci, na aika maƙwabta, na ce sadakar Iya ce a yi mata addu'a. Maharazu ya zo ya ci har ya yi gyatsa, ƙafar ta warke. Ya ce badi ma akwai tsere, ya kalli Malam, Malam ya kalli ƙasa.

Hayaƙi ya dame ni sosai yau wajen suyar. Itacen ɗanye ne.

Asabar, 4 ga Yuni

Tandar nan ta yi mini nauyi, kafaɗata ta dama ta daɗe tana ciwo, kowa ya sani. Ta Kalilu ba ta da nauyi, amma roba ta shige ta, don haka na sa ya zubo mini wata sabuwa. Za ta yi ta kama ƙullu kafin ta sha mai, masu saye za su yi gunaguni, su yi.

Da safe na kinkimi ta Iya na dire a zaure, na ɗora mujallar a kai. Malam ya fito zai tafi makaranta ya tsaya cak. Ya ce, "Lami, wannan fa?" Na ce ta tare mini wuri a ɗaki. Ya ce ko na san in roba ta shiga shi ke nan. Na ce ni zai koya wa tanda?

Na gaya masa abu biyu. Kada ya kuskura ya kankare man, man ne aikin. Kuma duk ranar da wani ya zo rubuta tarihin takalminsa, a rubuta abin da matar ta ce. Ya ce me ta ce? Na ce ta ce ba ta yafe ba.

Ya yi dariya har yana riƙe bango, rabon da in ji ta tun kafin Katsina.

Yanzu haka warin roba ya cika gidan. Na kwashe shanyata tun da wuri.