Kakin Gandiroba a Gonar Kuɓewa

Zuwa ga Yayata Ozella,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki a can Milwaukee. Kullum ina roƙon Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya kare ki daga sanyin garinku da ba ya jin magana. Mu nan gida lafiya lau. Hawan jinin matata Vernell ya sauka, sai dai har yanzu tana satar gishiri idan na juya baya. An samu ruwa, kuɓewa ta yi kyau.

Yaya, jikata Lavonda ta gama kwalejin shekara biyu ta garinmu! Da idona na ga 'yar 'yata marigayiya Pearlie ta hau dandamali da rigar yaye, aka kira sunanta, na yi ihu har wani mai gadi ya zo ya ce in zauna. Ni da ban iya rubuta sunana ba sai da furfura ta fito mini, a ajin yamma bayan na tashi daga injin gurzar auduga, yau ga jinina da takardar karatun shari'ar laifuka. Amma bargon nan na ƙyallaye da kika ɗinka mata don gadonta na jami'a, kada ki aiko da shi tukuna. Ki gyara zama ki ji dalili, don har yanzu idan na tuna sai abinci ya fita raina.

Kin san tun tana ƙarama burinta ta zama lauya mai tsaya wa yaran da aka kama. Makon jiya na sa kwat ɗina na coci na raka ta jami'ar jiha, don ta shiga aji uku kamar yadda 'yan kwaleji ke yi. Matar da ke karɓar irinsu ta yi mana bayani a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. Ashe karatun nan hanya biyu ne a kwalejin, sunansu ɗaya, kuma rana ɗaya ake yaye su. Ɗaya ta masu wucewa jami'a ce, ɗaya ta masu sa kaki da zarar sun gama. Lavonda ta biyun ta bi. Matar ta ce harbin bindiga da sa ankwa da tuƙin motar sintiri, duk da yarinyar ta ci su da kyau, jami'a ba ta lissafa su. Abin da take nema shi ne lissafin ƙididdiga, da kimiyya ta ɗakin gwaji, da darasin rubutu na biyu, kuma ko ɗaya Lavonda ba ta yi ba. Har muka dawo gida na manta ban kunna rediyo ba.

Da farko kwalejin na zarga, kuma ban janye ba, don mutum ya shekara biyu yana shiga ofishinsu ba wanda ya tambaye shi inda ya dosa, ai wannan sakaci ne. Amma ainihin ɓarnar daga cikin gidana ta fito. Ranar Asabar muka yi walimar soyayyar tarwaɗa a bayan gida, da burodin masara da ganye, dangi da 'yan coci suka cika wurin. Sai ga ɗana Dewitt, kawunta, wanda ya yi ritaya daga 'yan sandan gunduma amma har yau yake tafiya kamar bindiga na rataye a ƙugunsa. Ya miƙa mata kyauta a kwali. Ta buɗe a gaban jama'a, sai ga kakin gandiroba, daidai jikinta, an ma goge shi.

Ki tuna lokacin da za ta shiga kwalejin ina kwance a asibiti, shi ya kai ta rajista. To, da bakinsa, da man kifi a gemunsa, yana dariya ya gaya wa mutane cewa shi ya zaɓa mata hanyar, kuma sarai ya san bambancin. Wai gidan yarin gunduma na neman mata, kuma tun tuni ya yi wa tsohon maigidansa alkawarin zai kawo masa 'yar gida mai hankali. Wai lauya ai maƙaryaci ne da ya ɗaure wuya da tsumma. Wai ni Baba na tsufa, karatun yamma ya hau mini kai, ina so in mayar da kowa farfesa. Har ya daki kafaɗarta yana ce mata 'yar Kawu, Litinin ta sama za ki fara, ki gode mini daga baya. Yaya, ɗan cikina ne, amma na dube shi na ji ƙyama kamar na taka mushe. Ya ɗauki shekara biyu na marainiya ya yi kyauta da su don a ce masa sannu a ofis. Vernell ba ta tsaya dogon zance ba, ta janye farantin daga gabansa, ta ce ya je gidan yarin su ba shi abinci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Lavonda ba ta jefar da kakin ba. Ta shige ɗaki da shi, na hango ta tana gwada shi a madubi. Da na leƙa ta ce, Kaka, na gaji, wataƙila Kawu ne mai gaskiya. Ba ni zan zauna jarrabawar ba. Na dai ce mata duk rigar da ta sa, jikata ce.

Washegari Lahadin masu yaye ce a cocinmu, ranar da kowane ɗalibi ke tsayawa da rigarsa a faɗa wa jama'a inda ya nufa. Ashe Dewitt ya riga ya kai wa Fasto Mayfield labari. Fasto ya sanar cewa 'yarmu Lavonda za ta kama aiki a gidan yari, aka fara tafi. Sai yarinyar nan ta miƙa hannu ta karɓi lasifika. Ta ce Fasto ya yi haƙuri, wanda ya ba shi labarin bai tambaye ta ba. Ta ce ajin yamma za ta koma, a ginin da kakanta ya koyi rubuta sunansa, ta yanka kwaɗi a ɗakin gwaji, ta yi fama da lissafi har ta cike abin da ya rage, sannan a watan Janairu ta tafi jami'a. Ta ce gidan yari za ta shiga, amma da jakar lauya, don ta fito da 'ya'yan mutane. Yaya, cocin ya kaure. Tsohuwa Mama Hattie ta yar da sandarta tana rawa, ni kuwa na jiƙa hankicin Vernell da nawa da hawaye. Dewitt ya sulale tun kafin a rufe da addu'a.

Jiya ta yi rajista, a hanyar da ta dace wannan karon, ina tsaye a bayanta. Kakin kuwa na cusa masa ciyawa na kafa shi a gonar kuɓewa, amma ko hankaki ba su ji tsoronsa ba, a kafaɗarsa suke hutawa.

Ki gaida mini ɗanki Booker da matarsa Corrine, da tagwayensu, da maƙwabciyarki Misis Odom. Vernell da Lavonda suna gaishe ki. Ki riƙe bargon zuwa Janairu. A cikin ambulan ɗin nan za ki ga aljihun kakin, Lavonda ce ta yanke shi da almakashi. Ta ce ki ɗinka mata shi a jikin bargon, ta wajen ƙafafu.

Ƙaninki mai ƙaunarki har kullum,
Cleophus Tillman