Mai Sharar Ƙarya da Muryar Baba

Bunkure, Jihar Kano
21 ga Fabrairu, 2009

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Maleshiya. Allah ya buɗa maka kai, ya sa ka gama karatun nan lafiya, ya dawo mana da kai gida muna raye. Mu nan kowa lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarmu Inno ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da awakinta, wanda ka san shi ne alamar ta warke. Yayarka Sa'a da yara suna nan ƙalau. Bana an sako ruwa a kanal a kan kari, tumatir ya yi kyau, albasa ce dai ta ɗan ba mu kunya a gonar gabas. Na san za ka yi mamakin ganin takarda da biro daga mutumin da ka sha wahalar koya wa aika saƙo ta kwamfuta. To, ka yi haƙuri ka karanta, maganar da nake tafe da ita ba ta waya ba ce, kuma bakina ba zai iya faɗinta ba.

Maganar a kan kwamfutar da ka bar mana ce, da muryar Baba da ke cikinta, Allah ya jiƙansa. Ka tuna guda goma sha ɗaya ka ɗauka a watannin jinyarsa, ka sa wa kowace suna, ka ce in kula da su kamar idona. Ban sani ba ko na taɓa gaya maka, duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan tayar da janareta in kai wa Inno kwamfutar ɗakinta, ta saurari guda ɗaya tana tsinkar zogale. Ba ta kuka, sai dai wani lokaci ta yi masa gyara in ya rikita shekarar da aka yi wani abu, kamar yana zaune a gabanta. Wannan muryar ce na kusa salwantarwa da hannuna, kuma ban tsira da ita duka ba.

Mako uku da suka wuce, da hantsi, na jona modem ina duba ko ka aiko saƙo, sai wani akwati ya faɗo a tsakiyar allo, da hoton garkuwa da jan rubutu. Da ɗan Turancin da nake da shi na gane yana cewa kwamfutar ta cika da datti da ƙwayoyin cuta, kuma zai share mini kyauta. Kai ka san mu, in an ce ga masu yashe kanal sun zo, ba a tambayarsu wa ya aiko su, ruwan sha ake kai musu. Na danna na ce bisimilla. Wallahi Maharazu abin ya burge ni. Wani koren layi ya riƙa tafiya a hankali, sunaye suna ta gudu a ƙarƙashinsa fiye da yadda ido zai iya bi, ni kuwa na saki baki ina cewa lalle ilimi ya yi nisa, tunda ga abu ba rai ba ido yana leƙa kowane lungu. Da ya gama sai ya ce ya samu cuta ɗari uku da goma sha biyu, kuma ba zai cire ko ɗaya ba sai na saka lambar katin banki. Ni da ko katin ban taɓa riƙewa ba. Na nemi in rufe shi ya ƙi rufuwa. Daga ranar kwamfutar ta koma tafiyar tsohon jaki, duk abin da na buɗe sai ya faɗo a kai yana ƙara, yana cewa saura kaɗan komai ya lalace.

A rana ta uku na tsaya na karanta jerin da ya yi ja. Sunaye huɗu na sama duk na muryar Baba ne. A nan ne na yi tunanin manomi, kuma ka yi mini dariya in kana so, na cancanta. Ka san in ciwo ya kama tumatir a fangali ɗaya, ganye ya fara nannaɗewa, ba a tsayawa tausayi. Tugewa ake yi, a kai bayan gona a ƙone, don sauran su tsira. Baba da kansa ya koya mana, har yakan ce in ka bar tsiro ɗaya don yana da 'ya'ya, ka ba da gonar ke nan. Sai na ce gara in rasa huɗu in tsira da bakwai. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, sannan na shiga kwandon sharar kwamfutar na zubar da shi, don wanda ya tuge bai ƙone ba bai yi komai ba. A cikin huɗun har da wadda ka sa wa suna Ta Yaya Usaini, wadda ka ce Baba ya yi domina ranar da ka tura shi a keken marasa lafiya zuwa bakin kanal. Yau zan gaya maka gaskiya, shekara ɗaya da rabi ban taɓa buɗe ta ba. Sau da yawa na kai hannu, sai zuciyata ta ce ba yau ba.

Na sake kunna mai sharar ina jiran ya ce an samu sauƙi. Ya sake tafiyarsa ta ƙasaita, ya sake cewa ɗari uku da goma sha biyu, ko ɗaya bai ragu ba, kuma yanzu wasu huɗun ne na Baba suka hau sama suka yi ja. Na zauna ina kallon allon. A haka Inno ta same ni a zaure, ta ce tun daga tsakar gida ta ji shiruna ya yi yawa. Ban iya ɓoye mata ba. Na zaci za ta yi salati ta zauna ƙasa, amma sai ta tambaye ni wa ya kira wannan mai maganin. Na ce ba wanda ya kira shi. Ta ce shi ya ce akwai cuta, kuma shi ke sayar da maganin? Na ce haka ne. Ta yi tsaki, ta ce ai ta san shi, tun ina goye ya zo gidan nan.

Ashe akwai shekarar da wani mai maganin feshi ya riƙa bin gonakin nan a kan babur, yana cewa a kawo masa ƙasar gona ya duba da wani gilashi, kuma duk wanda ya kawo sai ya ce tsutsa ta gama da shi. Mutane suka yi ta saye. Da ya zo kan Baba, sai Baba ya zaga bayan gida ya ɗebo yashin gini wanke tas, wanda ko ciyawa ba ta taɓa fitowa a kansa ba, ya miƙa masa. Mutumin ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan gonar ta fi kowace lalacewa. Inno ta ce to in ba wa nawa mai maganin abin da babu komai a cikinsa, mu ji me zai ce. Sai na tuna da sabon filash ɗin nan da ka aiko tun bara, ka ce in kwafe muryar Baba a ciki in ajiye daban. Yana nan cikin ledarsa ko ɓarewa ban yi ba, wannan ma laifina ne. Na ɓare shi a gabanta na soka. Maharazu, abin nan bai ko ji kunya ba, ya ce ya samu cuta ashirin da bakwai a ciki. Na dubi allon, na dubi tsohuwar nan da ba ta san harafi ɗaya na boko ba. Ni da sakandare ɗina na kwana uku ina bauta wa maƙaryaci, ita kuwa ko kallon allon ba ta yi ba ta kama shi.

Ta ce in kashe, kar in ƙara taɓa komai, in kai wa ƙanwarmu Rauda ta gidan Baffa Jaji, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Kumbotso. Washegari da safe na bar ban ruwa a hannun maƙwabci na hau mota. Malama Rauda ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce irin wannan ya yi yawa yanzu, kuma alamarsa ba ta ɓuya. Shi ke kawo kansa ba a neme shi ba, yana tsorata mutum yana gaggauta shi, yana ƙin rufuwa, kuma ƙarshen maganarsa kullum a ba shi lambar kati. Ta ce duk gudun sunayen nan da ya burge ni wasan kwaikwayo ne kawai, ba abin da yake dubawa, shi kansa ne cutar. Har ta nuna mini inda Turancinsa ya karye a wuri biyu, abin da tsoro bai bar ni na gani ba.

Na zauna a gefenta na ga aiki. Ta fara zare modem ɗin, ta ce sai an toshe bakin ruwa kafin a gyara kwari, don ta san da yaren da zan gane. Ta kashe kwamfutar ta kunna tana danna wani maɓalli a sama, sai ta tashi da manyan haruffa da baƙin allo, ta ce a wannan yanayin kwamfutar ba ta tashi da kowa sai 'yan gida, baƙon yana nan amma ba ya iya motsi. Kafin komai ta kwashe guda bakwai ɗin da suka rage ta zuba a faifan sidi. Sannan ta bi shi, ta cire sunansa daga cikin masu tashi in an kunna, ta tuge shi, ta bi wasu lunguna uku da ya ɓoye 'ya'yansa da sunaye marasa ma'ana ta goge. Daga nan ta sa mai gadi na gaskiya daga faifan da take aiki da shi a makaranta. Shi wannan ba ihu ba jan rubutu, ya fi awa ɗaya yana aikinsa shiru, ya fito da abu biyar kacal, duka na baƙon ne. Muryar Baba kuwa babu abin da ya taɓa samun ta. Lafiyayyar shuka na tuge na ƙone.

Da na ji haka na kasa riƙe hawaye, a gaban ƙanwata, a ofishin mutane. Sai ta ce in dakata, wai abin da aka goge a kwamfuta ba ya tafiya nan take, sunansa kawai ake cirewa daga ƙofa, shi yana nan kwance har sai an ɗora wani abu a kansa. Ta ce abin da ya taimake mu shi ne Inno ta sa na kashe da wuri. Ta kawo wani furogiram ta sa ya yi ta tono, muna zaune har aka kira la'asar. Sai ga sunaye huɗu sun fito. Ta danna ta farko, sai ga gyaran muryar Baba, sai ga shi yana ba da labarin ranar da ruwa ya fara shigowa kanal, yadda mutanen gari suka bi shi da ƙafa suna kabbara. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Abin da na zubar da hannuna, na tabbata ya tafi, ga shi yana magana a ɗaki. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah da ya sanar da ɗan Adam wannan, to ina ga ranar da shi zai tayar da abin da ƙasa ta ci. Uku sun dawo lafiya lau, ko tari ɗaya bai ɓata ba.

Ta huɗun ita ce tawa. Rauda ta ce an riga an ɗora wani abu a kan mafi yawanta, watakila lokacin da na sake kunna mai sharar. Ta yi iya yinta, minti ɗaya da ɗan kai ne ya dawo cikin minti goma sha tara. Ta fita ta bar ni na saurara ni kaɗai. Ana jin ƙarar ruwa, ana jin ka kana gyara masa zama, ya tambaye ka ko abin ya fara ɗauka, ka ce e. Sai ya kira sunana sau biyu, yadda yakan kira ni daga ƙarshen gona. Ya ce akwai maganar da ya daɗe yana son gaya mini, amma duk lokacin da muka haɗu sai zancen taki da ruwa ya cinye mu. Ya ja numfashi zai ci gaba, daga nan sai shuuu har ƙarshe.

Yanzu goma ɗin suna wuri uku, a kwamfuta, a faifai, da filash ɗin da Inno ta ƙulle a bakin zanenta ta jefa cikin adaka. Juma'ar jiya ta saurari tata kamar kullum. Ba ta ƙara tayar mini da maganar ba, kai ma ina roƙon ka yafe mini amanar da ban riƙe da kyau ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. A duniya kai kaɗai ka ji abin da Baba ya ce a bakin kanal ranar nan. Don Allah ka samu lokaci, ko bayan jarrabawa ne, ka zauna ka rubuto mini duk abin da ka iya tunawa, yadda ya faɗa. In faɗa ne kar ka sassauta, in kuma ka manta wani wuri ka bar shi fili, kar ka cike mini da naka. A takarda nake so, da rubutun hannunka.

Inno tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Sa'a da yara, Murja da Ummukulsum, suna gaisuwa, haka Baffa Jaji da Malama Rauda. Ka gaishe mini da abokin ɗakinka Lukmanu. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri. Zan riƙa leƙa gidan waya duk ranar kasuwa.

Ni ne yayanka,
Usaini Datti